Dasa Mazaunin Birki a Jikin Keke

Mazaunin birki shi ne ɗan ƙarfen da ke riƙe birki a jikin keke. A wani keken turaku ne guda biyu, ɗaya a dama da taya ɗaya a hagu. A wani kuma kunne ne mai huda biyu, kusa da aksil. Hannun birki da waya da roba duk kayan saye ne, in sun lalace mai gyaran keke zai kwance ya sa sabbi nan take. Mazauni ba haka yake ba. Manne yake da bodi, kuma duk ƙarfin da ake buƙata don tsayar da keke da mahayinsa da kayan da ya ɗauko ta cikinsa yake bi. Idan ya karye, ko kuma tun asali an ƙera keken babu shi, galibi ba abin da zai dasa shi sai wuta. Wutar kuwa tana gyara keke, tana kuma kashe shi.

Batun ya shafi ƙasar Zuru fiye da wurare da yawa. Garin yana kudu maso gabashin jihar Kebbi, cikin ƙasa mai duwatsu da tuddai, ba shimfiɗaɗɗiyar fadama irin ta Argungu ko Birnin Kebbi ba. Mai keken da ke shigowa gari daga wajen Dabai, ko Ribah, ko Mahuta, ko Dirin Daji, ko ta hanyar Rijau, da hawa da gangara yake fama, balle ƙananan hanyoyin gona da ke sauka rafi su haura. Damina kuma tana jimawa, daga wajen Mayu har Oktoba, taya kullum cikin ruwa da laka. Tun da aka janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin hawa babur ya tashi, kekuna da yawa da aka jingine a zaure sun dawo kan hanya a garuruwan arewa, wasunsu da birki rabi da rabi, wasu kuma takalmin mahayi ne birkinsu.

Lissafin nauyin ba shi da wuya. Mutum mai kilo 70 a kan keke mai kilo 20, ya ɗaura buhun masara mai kilo 100, an tashi da kilo 190. Idan ya kama birki kamu na tsaka-tsaki, wanda zai tsayar da shi cikin mita biyar ko shida daga gudun kilomita 20 a sa'a, turjiyar da taya za ta yi da ƙasa ta kusa nauyin kilo 60, abin da zai isa mazaunin birki kuma ya ɗan ɗara haka. In gudun ya ninka, tazarar tsayawa sau huɗu take ninkawa. Wannan jijjigar ake maimaitawa sau dubbai a rayuwar keke, kuma maimaicin ne ke karya ƙarfe, ba kamu ɗaya ba.

Wane keke ne, wane ƙarfe ne

Kekunan da ke hannun jama'a kashi biyu ne. Akwai tsohon baƙin keke mai taya inci 28, irin Raleigh da asalinsa garin Nottingham ne a Ingila, wanda kamfaninsa ya taɓa haɗa kekuna a Kano, da Phoenix na Shanghai a ƙasar Sin, da Hero na Ludhiana a Indiya. Birkinsu na sanda ne: hannun birki yana jan siraran sandunan ƙarfe, su kuma su ja roba biyu su manna su a cikin rim, ta ɓangaren da sifok ke fitowa. 'Yan ƙarafan da ke saita robar a jikin fok da sandunan baya galibi da noti ake ɗaure su. Saboda haka mafi yawan abin da ake kira karyewar mazauni a irin wannan keken ba ya buƙatar walda ko kaɗan. Maɗauri ne ya saki ko ya ɓace, a sayi wani a ɗaura.

Matsalar da ta fi damun masu wannan keken ita ce rim ɗinsa na ƙarfe ne mai sheƙi, da zarar ya jiƙe roba sai ta yi ta sulɓi. Wannan ne ke sa wasu su nemi a dasa musu turakun birkin zamani. Sai dai rim ɗin birkin sanda gefensa a lanƙwashe yake, ba shi da shafaffen wurin da roba za ta matsa daga dama da hagu, don haka dasa turaku ba zai yi amfani ba sai an canza rim. Ga shi kuma a yawancinsu sandunan nan biyu da ke saukowa daga ƙarƙashin sirdi zuwa tayar baya da noti aka kama su sama da ƙasa, ba a yi su don ɗaukar matsi ba. Abin da ya fi wa irin wannan keken shi ne hob na baya mai birki a ciki, wanda ake kamawa ta hanyar mayar da feda baya. Ruwa ba ya isa inda yake kamawa, kuma hannunsa da maɗauri kawai ake kama shi a jikin bodi. Keken Buffalo da ƙungiyar World Bicycle Relief ke rarrabawa a karkarar ƙasashen Afirka da dama don ɗaukar kaya, da irin wannan birkin aka san shi.

Kashi na biyu su ne kekunan zamani masu giya, sabbi da 'yan gwanjo, masu taya inci 26 ko wadda ake rubuta wa 700C. A nan ne ake yawan samun aikin dasa mazauni: turke ya lanƙwashe a faɗuwa, ko zarensa ya cinye, ko an sa tayar da ba girmanta ba ne roba ta kasa kai wa rim, ko mai keke yana son birkin faifai.

Kafin a kunna wuta, a fara sa mayen ƙarfe a jikin bodi. In ya kama, baƙin ƙarfe ne, ana iya ci gaba. In bai kama ba, to alminiyam ne ko wani abu daban, aikin kuma ya tsaya a nan. Alminiyam yana narkewa a digiri 660 na ma'aunin salshiyas, ba ya kuma yin ja ya gargaɗi mai walda, sai dai a ga ya zube. Ko an same shi da waldar agon an yi ɗinki mai kyau, irin alminiyam ɗin da aka fi yin keke da shi, mai lamba 6061, yana rasa babban kaso na ƙarfinsa a kewayen ɗinkin. Ba ya dawowa sai an sa bodin gaba ɗaya a tanda mai zafin kusan digiri 530, a tsoma a ruwa, a sake gasa shi sa'o'i a ƙaramin zafi. Wannan aikin masana'anta ne. Bodin alminiyam da turkensa ya tsinke daga tushe, gara a nemi wani.

Baƙin ƙarfen ma iri-iri ne. Keke mai araha bututunsa yana da ɗan kauri, milimita ɗaya da ɗoriya, yana jure wuta. Keke mai tsada kuwa, wanda in an ɗaga ake jin ba nauyi, da ƙarfe mai gaurayen kuromiyam aka yi shi, mai lamba 4130 ko danginsa. Tun 1897 kamfanin Reynolds na Birmingham ya fito da dabarar yin bututu mai kauri a bakinsa, siriri a tsakiya. A irin wannan bututun baki yakan zama milimita 0.9, tsakiya 0.6, wato tsakiyar ba ta kai kaurin katin ATM ba. Mazaunin birki kuwa ba a baki ake dasa shi ba, a jikin sandar ne.

Wuta iri biyu

Walda ta ainihi narkar da ƙarfen biyu take yi su zama ɗaya. Baƙin ƙarfe sai ya haura digiri 1,400 yake narkewa. Injin waldar lantarki da ake haɗa ƙofofi da tagogi da shi, da sandarsa geji 12 mai kaurin milimita 2.5, an yi shi ne don ƙarfe mai jiki. Sandar kanta ta ninka bangon bututun keke sau biyu zuwa huɗu. Abin da yakan faru shi ne ta huda bututun, mai walda ya bi hudar yana cikewa, a ƙare da dunƙulen ƙarfe a kan sandar da ta ƙone. Daga waje ana ganin ƙarfi ne, alhali a gefen dunƙulen ƙarfen ya sirance ya yi gautsi, daga nan tsaga za ta fara. Garin neman gira ke nan a rasa ido. Masana'antun keke suna yin walda, amma da injin agon mai siririyar wuta da ake iya ragewa ƙwarai, a hannun mutanen da aikinsu ke nan kullum.

Hanya ta biyu ita ce waldar tagulla, wadda masu sana'a ke kira birezin. A nan ba a narkar da keken. Ana gasa ƙarfen ne har ya yi ja, a narka masa wani ƙarfe mai saurin narkewa, shi kuma ya kwarara ya shige tsakanin guntayen biyu ya riƙe su. Sandar tagulla, wadda gaurayen jan ƙarfe ce da tutiya, tana narkewa tsakanin digiri 870 da 900. Sandar azurfa, mai kashi 56 cikin ɗari, tana narkewa tsakanin 620 da 650. Da tagulla aka haɗa tsofaffin Raleigh ɗin da har yau suke ɗaukar buhu, wannan kaɗai ya isa shaida a kan ƙarfinta. Tagulla ta fi araha, tana kuma taruwa ta cike giɓi ta yi kafaɗa a gindin turke. Azurfa ba ta cike giɓi, sai guntayen sun zauna daram da juna, amma zafinta kaɗan ne, ita ta fi dacewa da siririn bututu. Ba kowace sandar da ake kira azurfa ce azurfa ba: wadda masu gyaran firji ke haɗa bututun jan ƙarfe da ita yawanci mai fosfaras ce, a kan baƙin ƙarfe kuwa haɗinta tsinkewa yake yi. Dalmar gyaran rediyo da lagireto, mai narkewa a ƙaramin zafi, ba ta da gurbi a aikin birki sam.

Saboda haka mai keke a Zuru da ke neman wannan aikin, ba rumfar mai waldar ƙofa ya kamata ya nufa ba. Wurin masu waldar gas zai je, masu gyaran salansa da lagireto da bugun jikin mota, domin su ne hannunsu ya saba da ƙarfe marar kauri. Ya kuma tafi da mai gyaran kekensa. Mai walda ya san wuta, mai gyaran keke ya san inda roba za ta sauka, kuma da wuya a sami mutum ɗaya da ya haɗa sanin biyu.

Awo kafin wuta

Turakun da aka fi nema su ne na birkin V, wanda kamfanin Shimano na Japan ya yaɗa daga 1996. Hannuwa biyu ne dogaye, kowanne yana juyawa a kan turke mai kaurin milimita 8, an kama shi da ƙusa mai zare ta milimita 6. A gindin turken akwai ɗan faranti mai huda da bakin sifirin birkin ke shiga. Wannan farantin ɓangaren taya yake kallo. Ana samun turakun a jikin mataccen bodi wurin 'yan gwangwan: a yanko su da zarto tare da gindinsu, a goge tsohon haɗin da magagari.

Awo biyu ne ke yanke hukunci. Na farko tazarar da ke tsakanin turakun, daga tsakiya zuwa tsakiya: milimita 80 aka fi bi, ana kuma jure daga 77 zuwa 85. In sun matsu, taya mai faɗi ba za ta shiga ba. In sun buɗe, roba sai ta karkace kafin ta kai. Na biyu nisa daga tsakiyar aksil zuwa tsakiyar turke: kusan milimita 254 ga taya inci 26, kusan 283 ga 700C. Ramin da ke jikin kowane hannu, wanda robar ke zamewa a ciki, yana ba da damar gyara kaɗan sama ko ƙasa, amma kuskuren da ya kai santimita ɗaya yana iya sa roba ta hau kan taya ta yanke ta, ko ta zame ƙarƙashin rim ta faɗa cikin sifok. Lambar da ke jikin taya ita ce abin dogara: inda aka rubuta 559, inci 26 ce, inda aka rubuta 622, 700C ce, 635 kuma ta baƙin keke ce. Hanya mafi aminci ita ce a sa tayar a mazauninta, a ɗaura birkin a kan turakun, a riƙe su a jikin sandar a ga inda roba ta faɗa, a yi alama.

A gaba, turakun a fuskar fok ta gaba suke zama. A baya kuma a bayan sandunan da ke saukowa daga sirdi. Akwai bambanci a nan da ya kamata mai walda ya sani. Saman taya gaba yake tafiya. Idan aka kama birkin baya, rim yana tura turakun ne su ƙara mannewa da sandar. Na gaba kuwa fizgo su yake yi yana neman ɓamɓare su daga fok. Ga shi birkin gaba ne ke yin mafi yawan aikin tsayarwa, domin nauyi gaba yake zubowa. Haɗin gaba ba ya karɓar ko ɗan sakaci.

Ba a riƙe turke da filaya a ce za a daidaita da ido. Ana samun shafaffen ƙarfe a huda shi wuri biyu a tazarar milimita 80, a ɗaure turakun a jiki, ta yadda za su tsaya a jere suna kallon wuri ɗaya. A haɗa masa wani dogon ƙarfe da zai kama aksil a nisan da aka auna. Yin wannan ba ya cin rabin sa'a, kuma mai sana'a zai yi shekaru yana amfani da shi. Sannan a goge gindin kowane turke da magagari mai kumburin ciki har ya rungumi sandar ba tare da haske yana ratsawa ba.

Daga nan sai tsafta, wadda ita ce rabin aikin. A cire taya, da waya, da madigadi, da duk wani abu na roba. A kankare fenti har tazarar yatsu huɗu sama da ƙasa, a bi da samfefa sai ƙarfe ya yi fari. Inda aka yi wa sandar rufin sheƙi, a goge shi duka, tagulla ba ta kama shi. A duba ko tsatsa ta ci sandar daga ciki. In an danna da bakin sukundireba ta lotsa, ba ta da sauran amfani. A kuma tabbata ƙaramar hudar iska da ke jikin sandar a buɗe take, don iskar da ta yi zafi a ciki ta sami hanyar fita. Sai a dama garin boraks da ruwa kaɗan a shafa a wurin, ciki da waje. Shi ne ke hana ƙarfe yin baƙi a wuta, ya buɗe wa tagulla hanya. Azurfa tana da nata farin garin daban.

Harshen wutar gas da iskar oksijin yana haura digiri 3,000, don haka ƙaramin baki ake sawa, a daidaita wutar ba mai hayaƙi ba, ba kuma mai huci ba. A yi aikin a inuwa, domin a rana ba a ganin launin ƙarfe, sai ya wuce kima mai walda bai sani ba. Turke ya fi sandar kauri, shi ake fara gasawa, ana kewayawa da wutar ba a tsayar da ita wuri ɗaya ba. Idan boraks ya narke ya koma kamar ruwa, ƙarfen biyu suka yi ja daidai da juna, sai a taɓa sandar tagulla a bakin haɗin. Zafin ƙarfen ne zai narkar da ita, ba harshen wuta ba. Tagullar da aka ɗiga a kan ƙarfe mai sanyi zama kawai take yi a kai, ba ta kama ba. Tagulla zafi take bi, don haka mai walda yakan ja ta da wuta zuwa ɗaya gefen har ta ɓullo. A ɗan kama kowane turke a wuri ɗaya tukuna, a sake awo, sannan a kewaye. Farin hayaƙi da tartsatsi alama ce ta cewa tutiya ta fara ƙonewa, domin a digiri 907 take tafasa. A janye wuta nan da nan. Kada tagulla ta hau inda hannun birki zai juya, ko ta shiga cikin zare.

In an gama, a bar shi ya huce da kansa. Al'adar watsa wa aiki ruwa don a sallami mai kaya da wuri tana sa ƙarfe ya yi gautsi. Bayan ya huce a jiƙa wurin da ruwan zafi boraks ya saki, a goge da burushin ƙarfe. Haɗi mai kyau yana da santsi, launin zinariya, ya kewaye gindin turke ba yankewa. Mai ramuka, ko mai launin jan ƙarfe, ko wanda ya dunƙule a gefe ɗaya, an ƙona shi ko bai shiga ba.

Lafiyar mai aikin ma tana cikin lissafi. Hayaƙin tutiya yana kawo zazzaɓi da ciwon jiki da dare, wasu tsofaffin sandunan azurfa kuma suna da kadmiyam, wanda hayaƙinsa guba ce ga huhu. A yi aiki inda iska ke wucewa. Gilashin ido mai lamba 4 ko 5 ake sawa. Masu samar da gas daga kabayid da ruwa a cikin tukunya su tabbata akwai abin da ke tare wuta kada ta koma ta cikin tiyo, kada kuma mai ko giris ya taɓa kan tukunyar oksijin.

Birkin faifai

Birkin faifai yana jan hankalin matasa, kuma yana da dalili: faifan yana nesa da laka, yana kamawa cikin ruwa, ko rim ya ɗan karkace ba ruwansa. Amma dasa masa mazauni a keken da ba a ƙera don shi ba, aiki ne mai nauyi fiye da yadda ake zato. Birkin rim yana kamawa ne can kusa da bakin taya. Faifai mai faɗin milimita 160 kuwa yana kamawa a tazarar kusan milimita 72 daga aksil, alhali taya inci 26 tana taɓa ƙasa a tazarar kusan 330. Ƙarfin da ke isa mazauni sai ya ninka turjiyar ƙasa sau huɗu da rabi. A misalin mai buhun masara, in birki ɗaya ne ya ɗauki aikin, kusan kilo 260 ke nan, duka a gefen hagu, a ƙarshen sanda inda ta fi sirancewa.

A tayar baya ana iya yi. Kunnen faranti ne mai kaurin milimita 5 ko 6, hudojinsa biyu suna da tazarar milimita 51. Wani tsarin kuma 74 ne. Ana sa taya da faifanta, a ɗaura kan birkin, wato abin da ke matse faifai, a jikin kunnen, a matse shi a kan faifai a ɗaure, ta haka kunnen zai nuna mazauninsa da kansa. A yi alama, a kafe kunnen, a cire kan birkin da taya kafin wuta ta yi ƙarfi, a sa tsohon aksil a gurbin don kada bakin ya motsa. Wajibi ne gindin kunnen ya yi tsawo a kan sandar yana sirancewa a hankali, don nauyi ya bazu. Wajibi ne kuma a dasa ɗan bututu ya tokare tsakanin sandar sama da ta ƙasa a gefen hagu. Kunnen da ba shi da wannan tokarin yakan tsaga sandar daidai inda ya ƙare. Bayan haka akwai kuɗin da ba a faɗa wa mai keke tun farko: sai an sayi hob mai huda shida na ɗaura faifai, a sake saƙa taya, kuma hob ɗin baya na faifai faɗinsa milimita 135 ne, tsofaffin kekuna da yawa ba su kai haka ba.

A tayar gaba kuwa hukuncin ɗaya ne: kada a yi. Ƙafar fok da aka yi don birkin rim siririya ce a ƙasa, an lanƙwasa ta don ta sha gargada. Birkin faifai zai murɗa ƙafar hagu ita kaɗai, ya kuma riƙa tura aksil ƙasa, wato ta inda bakin fok yake a buɗe, har taya ta iya fita in notin bai kamu sosai ba. Karyewar sandar baya takan bar mahayi ya tsaya da ƙafarsa. Karyewar fok a gangara da ka take kayar da mutum. Fok mai kunnen faifai ana sayar da shi, sabo ko na gwanjo; abin lura kawai shi ne kaurin wuyansa, ko milimita 25.4 ko 28.6, da ko mai zare ne, da kuma tsawonsa ya yi daidai da na da. Ko turakun birkin V ne suka lalace a gaba, in ana samun fok da zai shiga, sayensa ya fi dasawa.

Bayan wuta

Wurin da aka ƙona ba shi da kariya, a damina cikin kwana biyu zai yi ja. A shafa jan fenti mai hana tsatsa, a bi da na sama, a ɗiga baƙin mai ta hudar iska ya shiga cikin sandar, domin wutar ta shafi cikin ma. A shafa giris kaɗan a jikin turke, ban da rim da roba. Birkin V yana buƙatar hannun birki irin nasa mai jan waya da yawa. In aka haɗa shi da tsohon hannu, sai ya taɓo kan keke birkin bai gama kamawa ba. Ba sai an dasa maƙalan waya da wuta ba, ana iya jan rigar wayar tun daga hannu har birki a ɗaure ta a jikin bodi. Idan an matse birki aka ga sandunan baya suna buɗewa, akwai ƙarfe mai lanƙwasa da ake ɗaurawa a kan turakun biyu ya riƙe su.

Gwaji mataki-mataki ake yin sa. A tsaye, a matse hannun birki da iyakar ƙarfi sau goma ko fiye, ana kallon gindin turke. A kama birkin gaba a yi ta tura keken gaba da baya. Sannan a hau a fili ba kaya, sannan da kaya, sai a ƙarshe a gwada ƙaramar gangara. Bayan mako ɗaya a sake duba wurin da rana, haka kuma a farkon kowace damina da ƙarshenta. Siririn layi a jikin fenti a gefen haɗin, ko zaren tsatsa da ke fitowa daga gindin turke, ko ƙara da ba a saba ji ba idan an kama birki, duk alamun tsaga ne. Wanda ya ga ɗaya daga cikinsu ya sauke kayan, ya tura keken da hannu zuwa wurin mai gyara.